Karaya biyu cikin shekara guda: Labarin 'yar gwanjon Hedzranawoe da maganin da ta daina sha

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Hedzranawoe da ke birnin Lome da sanyin safiya, lokacin da ake fasa dilolin gwanjo, ya san wuri ne da ba a tafiya a hankali. Masu turin baro na ihu a ba su hanya, 'yan sari daga Aflao da Kwatano da Sinkase na rububin zaɓen na kai, 'yan zemijan kuma sun tare bakin ƙofa. A cikin wannan turmutsutsu ne wata baiwar Allah mai sayar da kayan yara, 'yar shekara 39, ta yi tuntuɓe da igiyar dila, ta dafa ƙasa da hannu. Faɗuwa ce irin wadda kowa kan yi ya tashi ya karkaɗe zanensa ya ci gaba da ciniki, amma ita sai wuyan hannunta ya karye. Aka kai ta wurin maɗori a Agoe-Zongo, ya ɗora, ta yi jinyar wata biyu. Shekara ba ta zagayo ba, ta sunkuya za ta ɗauki ƙullin kaya, ta ji wani abu ya ce ƙas a gadon bayanta. Wannan karon asibiti aka nufa, hoto kuma ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayanta ya lotse.

A gida an yi ta hasashe, wasu suka ce jifa ne daga abokan kasuwa, wasu suka ce kambun baka ne. Likitan da ya duba hoton kuwa tambaya ɗaya ya yi mata, wato yaushe al'adarta ta ɗauke. Ta amsa masa cewa ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin jinin al'ada ba.

Wannan baiwar Allah ita da kanta ta aiko mana a gidan rediyo bayan ta saurari wani shirinmu na kiwon lafiya, ta kuma amince a rubuta labarinta bisa sharaɗin ba za a ambaci sunanta ko layin rumfarta ba. Dalilinta shi ne ta tabbata akwai irinta a zangunan da ke kan iyakoki, waɗanda aka yi wa aiki aka miƙa musu takardar magani, suka sha na ɗan lokaci suka watsar kamar yadda ita ma ta yi.

Kamar yadda ta labarta mana, ta girma lafiya lau, doguwa, ƙirjinta ya cika a kan lokaci, fuskarta ko ƙurajen balaga ba ta yi ba. Abin da bai zo ba shi ne al'ada. Aka ce aure zai kawo, aka yi mata aure tana da shekara 17, shiru. Aka shiga jiƙe-jiƙe da rubutun sha, har wata gwaggonta ta kawo shawarar a kira wanzami ya yi mata yankan gishiri, Allah Ya sa mahaifiyarta ta ƙi. Tana da shekara 20 wani kumburi da ta daɗe da shi a matsematsi, wanda aka ɗauka ƙaba ce, ya matsa mata, aka yi mata tiyata a wani asibiti aka cire abubuwa guda biyu. Bayanin da aka yi mata bai wuce cewa ba za ta haihu ba, kuma ga ƙwayar da za ta riƙa sha kullum. Ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata aikin ƙwayar. Ita kuwa a zuciyarta ta ɗauka maganin kawo al'ada ne. Ta sha wata takwas, ba jini ba ciki, ga kuɗi na tafiya, ga uwar miji ta ga kwalin ta ce ai maganin hana haihuwa ne take sha a ɓoye. Sai ta jefa sauran a shara. Daga ranar zuwa ranar da ta faɗi a Hedzranawoe shekara 18 ke nan.

To mene ne ainihin lalurar? A takardun asibitocin Ghana da Nijeriya za a ga an rubuta AIS, a na ƙasashen da ke aiki da Faransanci kuma sau da yawa akan rubuta sunan Morris, wato likitan nan ɗan Amurka John Morris na jami'ar Yale, wanda ya tattara bayanin mata 82 masu wannan hali ya wallafa a shekarar 1953. Da Hausa za mu iya cewa rashin jin sinadarin namiji. Kowane ɗan Adam yana da tsarin halitta a cikin ƙwayoyin jikinsa da ake kira kuromosom. Akasarin mata XX gare su, akasarin maza XY. Mai wannan lalura tana zuwa da XY, saboda haka tun tana ciki sai a halitta mata 'ya'yan maraina guda biyu a ɓoye cikin mara ko a matsematsi, su kuma su riƙa fitar da sinadarin testosteron. Sai dai jikinta ba ya jin wannan sinadari ko kaɗan. Mu ma'aikatan rediyo mun san irin wannan: tasha na can tana watsa shiri da ƙarfinta, amma idan akwatin rediyon ba ya kama wannan mita, ko tari ba za a ji ba. Tunda saƙon bai isa ba, sai jiki ya ginu a siffar mace, a haife ta mace, a yi mata suna mace, ta kuma tashi tana jin kanta mace. Mahaifa ce kawai babu, domin waɗannan ƙwayoyi biyu na fitar da wani sinadari dabam da ke hana ta tsirowa, shi kuwa jiki yana jin sa. Inda babu mahaifa kuwa babu al'ada, babu ɗaukar ciki, ko da an shanye kantin magani.

Mai karatu zai ce, to ina ƙirji da sauran siffar mata suka fito? A nan ne hikimar Ubangiji take. Jiki yana da nasa 'yan canji. Kamar yadda ɗan kasuwa kan tsaya a bakin iyaka ya mai da Naira ko Sidi zuwa Sefa saboda kuɗin da ke aljihunsa ba ya ciwuwa a nan, haka jikin wannan yarinya ke karɓar testosteron ɗin da ba ya yi mata amfani ya canja wani kaso nasa zuwa estirojin, wato sinadarin mace. Da shi take balaga, da shi kuma ƙashinta ke ginuwa. Ranar da aka cire ƙwayoyin nan biyu, an rufe wurin da kuɗin ke fitowa, 'yan canji ba su da abin canjawa. Yarinya 'yar shekara 20 ta wayi gari jikinta na cikin halin dattijuwar da al'adarta ta ɗauke.

Lalurar ba ta da yawa. Masana sun ƙiyasta 2 zuwa 5 cikin kowane jarirai 100,000 masu tsarin XY. Amma ƙidayar shekarar 2022 ta nuna Lome da kewayenta sun haura mutum miliyan 2, saboda haka ko da lissafin bakin rumfa aka yi, za a ga maganar mata gommai ake yi a wannan birni kaɗai, balle a haɗa da Kano ko Maraɗi ko Kumasi.

Yanzu sai mu zo kan ƙashi, wanda shi ne maƙasudin wannan rubutu. Da yawanmu mun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar icen rumfa, an kafa an gama. Ba haka ba ne. Ƙashi rayayye ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, ta yadda a cikin kimanin shekara goma kusan duk ƙasusuwan baligi sun sabunta. Akwai ƙwayoyin da aikinsu rushewa, akwai masu gini, estirojin kuma shi ne ke riƙe linzamin masu rushewa kada su wuce gona da iri. Tun a farkon shekarun 1940 wani likita a birnin Boston mai suna Fuller Albright ya lura cewa akasarin masu fama da raunin ƙashi da ke zuwa wurinsa mata ne da al'adarsu ta ɗauke, ko waɗanda aka cire wa gidan ƙwai da wuri, ya kuma danganta abin da rashin wannan sinadari. A shekarar 1994 kuma aka wallafa labarin wani saurayi ɗan shekara 28 wanda shi jikinsa estirojin ne ba ya ji. Testosteron ɗinsa cike yake, tsawonsa ya haura mita 2, amma ƙashinsa ya yi rauni kamar na tsoho. Daga nan aka ƙara tabbatar da cewa hatta ƙashin namiji ba ya tsayuwa sai da estirojin.

Ɗan kasuwa zai fi gane wannan idan aka ce ƙashi jari ne. Daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30 ake tara shi, daga nan kuma sai tattali. Macen da al'adarta ta ɗauke tana da shekara 50 takan yi asarar kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta a kowace shekara a 'yan shekarun farko, amma ita ta riga ta cika jarinta kafin ta fara ci. Mai lalurar AIS kuwa matsalarta biyu ce. Ta farko, bincike ya nuna ko ba a yi mata tiyata ba ƙashin bayanta kan ɗan gaza na sauran mata kauri, saboda shi ma ƙashi yana amfana da sinadarin namiji, nata kuwa ba ya jin sa. Ta biyu, idan aka cire ƙwayoyin tana shekara 18 ko 20 ba ta kuma sha magani ba, to ta fara cin uwar kuɗi tun ba ta gama tarawa ba. Abin takaicin shi ne ba ya ciwo. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje lafiya lau, sai ranar da aka jingina. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna raunin sai kusan kashi ɗaya bisa uku ya tafi. Awon da ke gano shi da wuri sunansa DXA, wanda ake auna ƙashin baya da na ƙugu da shi cikin 'yan mintoci ba tare da allura ba, kuma duk wadda aka yi wa irin wannan tiyata ya kamata ta tambayi likitanta inda za ta same shi.

Saboda haka ƙwayar da baiwar Allahn nan ta jefa a shara ba ta kawo al'ada ba ce, ba ta kawo ciki ba ce, ba kuma ta hana shi ba ce. Madadin abin da aka cire mata ne, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a ci gaba da shan ta har zuwa shekarun da al'adar mata kan ɗauke, wato wajen shekara 50, sannan a zauna a sake shawara. Ba a tara ta a jiki. Wadda ta sha wata uku ta huta wata biyar, watanni biyar ɗin nan gara na aikinta. Sunan sinadarin da aka fi bayarwa estiradiyol, yana zuwa a ƙwaya, ko man shafawa a damtse ko cinya, ko filasta da ake mannawa a fata ana canjawa sau ɗaya ko sau biyu a mako. Tunda ba ta da mahaifa, ba ta buƙatar ɗaya sinadarin da ake haɗa wa sauran mata don kare mahaifa. Bayan ƙashi, maganin na kawar da zafin da kan taso wa mace kwatsam, da gumin dare, da rashin barci, da bushewar gaba, abubuwan da ita 'yar kasuwar tamu ta yi shekaru tana fama da su tana ɗora laifin a kan zafin Lome. A Jamus an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018 inda aka ba wasu masu lalurar testosteron a maimakon estirojin, jikinsu ya canja shi da kansa, kuma ya karɓe su. To amma mata ƙalilan ne aka gwada, estirojin ɗin dai shi ne hanyar da aka fi bi.

Akwai kuma tsoron kansa, wanda har wasu ma'aikatan lafiya kan tsorata mata da shi. Asalinsa wani babban bincike ne a Amurka da aka dakatar a watan Yulin 2002, bayan an ga ƙarin kansar nono da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki a tsakanin masu shan maganin. Sai dai mata sama da 16,000 da aka yi binciken a kansu 'yan shekara 50 zuwa 79 ne, matsakaicin shekarunsu 63, kuma haɗin sinadari biyu aka ba su. A ɗaya ɓangaren binciken, inda aka ba matan da ba su da mahaifa estirojin zalla, ba a ga ƙarin kansar nono ba, kuma a ɓangarorin biyu karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A ganina kuskure ne babba a ɗauki hukuncin dattijuwa 'yar shekara 63 a ɗora wa yarinya 'yar 22 da ake mayar mata da abin da tsararrakinta ke da shi a jikinsu kyauta. Wannan ba ya nufin maganin ba shi da sharaɗi. Wadda ta taɓa samun daskarewar jini a ƙafa, ko mai hawan jini, ko ciwon hanta, ko ciwon kai na ɓari guda, ko mai shan taba, dole ta gaya wa likita, domin sau da yawa na shafawa ko na mannawa ya fi dacewa da ita fiye da na haɗiya. Masu doguwar tafiya kuma, irin waɗanda kan kwana a zaune cikin mota daga Lome zuwa Yamai, su riƙa sauka suna taka ƙafa duk inda aka tsaya, ko a shingen duwan ne, su kuma sha ruwa.

Maganar tafiya ta kawo mu kan abin da ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Matar da ke sari a Legas, ta sayar a Lome, ta je biki Birnin Ƙonni, maganinta kan ƙare mata a inda ba a san sunan kwalinta ba. Sunan kamfani yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa, sunan sinadari da ma'auninsa ba sa canjawa, saboda haka a sa likita ya rubuta su ɓaro-ɓaro, a ɗauki hoton takardar a waya, a kuma sayi na tafiyar gaba ɗaya kafin a tashi. Kada a bar shi cikin kayan da za su sha rana a saman mota. A kuma guji na kan tire da na cikin baro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magunguna goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci, kuma a nan Lome ne a watan Janairun 2020 wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Togo da Nijar da Ghana, suka yi taro na musamman don yaƙi da wannan fatauci. Jabun maganin zazzaɓi ana gane shi cikin kwana uku. Jabun estirojin sai bayan shekaru, a gaban maɗori. Haka nan kada mai kanti ya ce babu wannan amma ga na tsarin iyali, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, allurar tsarin iyali ta wata uku ma rage kaurin ƙashi take yi. Da azumi kuwa ba sai an ajiye ba, ƙwaya ɗaya ce a yini, sai a mai da ita bayan buɗe baki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwayoyin ƙiba da mata ke kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke cin ƙashi idan aka daɗe ana amfani da shi. Ga mai wannan lalura, wannan ƙara wa Barno dawaki ne ta mummunar fuska.

Abinci na taimakawa, ko da yake ba ya maye gurbin magani. Baligi na buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a yini, kuma ba sai an je babban kanti ba: nono da kindirmo, cukun Fulani da a nan ake kira wagashi, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin nan busassu da ake ci har da ƙayarsu. Bitamin D kuwa, wanda sai da shi hanji ke tsotsar kalsiyam, daga rana fata ke samun sa, kuma mace na iya zama a ƙasar rana ta rasa shi idan daga ɗaki sai rumfa mai rufin kwano, jiki a rufe ruf. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, yana da amfani. Tafiyar ƙasa ma na ƙarfafa ƙashi, sai dai wadda bayanta ya riga ya lotse ta bar wa yara ɗaukar dila.

Ga iyaye kuma, yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba, ko jaririya mace da ke da kumburi a matsematsi, musamman ta ɓangarori biyu, asibiti ya kamata a kai ta wurin likitan mata ko na yara, kamar a CHU Sylvanus Olympio ko CHU Campus a nan Lome, ko Korle Bu a Accra, ko asibitin Malam Aminu Kano. Dalilan rashin al'ada suna da yawa, kuma ba kowace ce ke buƙatar estirojin ba. Akwai waɗanda ba su da mahaifa amma gidan ƙwansu na aiki sarai. Awo ne ke rarrabewa. Askar wanzami ba ta buɗe abin da babu, illa ta huda mafitsara ta jawo yoyon fitsari. Idan hanyar gaba ta kasance gajera, likitoci na da dabarar faɗaɗa ta sannu a hankali ba tare da yanka ba. A sani kuma cewa yanzu likitoci da dama ba sa gaggawar cire ƙwayoyin nan. Dalilin cirewa shi ne gudun kada su rikiɗe su zama kansa, amma an gano haɗarin kaɗan ne ƙwarai kafin balaga, saboda haka akan bari yarinya ta balaga da nata sinadarin, ta yi hankali, a yi mata bayani, sannan a yanke shawara tare da ita. Lalurar ta ɓangaren uwa ake gadonta a kusan kashi biyu bisa uku na masu ita, shi ya sa akan samu 'yan'uwa mata biyu, ko yarinya da innarta, da hali ɗaya. Ba laifin uwar ba ne, ba kuma auren zumunci ke kawo ta ba.

A da, ɓoye wa mace gaskiya shi ne al'adar likitoci har a Turai, wai don kada hankalinta ya tashi. Wata sananniyar mai tallan tufafi 'yar ƙasar Beljiyam, Hanne Gaby Odiele, ta fito fili a 2017 ta bayyana cewa tana da lalurar, kuma an yi mata tiyata tana ƙarama ba tare da an gaya mata ainihin dalili ba. Tun bayan taron masana da aka yi a birnin Chicago a 2005 ra'ayi ya koma kan a faɗa wa mai jiki gaskiya daidai da shekarunta. Ni dai abin da na gani a labarin 'yar Hedzranawoe shi ne ɓoyewar ce ta karya ta, domin ba wanda zai yi shekara 30 yana sayen maganin da bai san amfaninsa ba. Amma faɗa wa mai jiki dabam, yaɗawa a unguwa dabam. Mun san bakin mutanenmu, nan da nan za a laƙaba mata mata-maza, alhali malaman fiƙihunmu na Malikiyya da suka yi maganar wanda jinsinsa ya rikice, alamomin zahiri suka duba, irin su mafitar fitsari da nono da gemu, ita kuwa duk nata na mata ne. Alƙur'ani ma a Suratuɗ Ɗalaƙ ya san da matan da ba su yi haila ba, ya sanya musu iddar wata uku. Wanda za ta gaya wa sirrinta, da lokacin da za ta gaya masa, nata ne.

Auren baiwar Allahn nan na farko ya mutu tun tana da shekara 23. Yanzu tana gidan wani dattijo mai sayar da goro da ya aure ta da sanin ba za ta haihu ba, tana kuma riƙon 'ya'yan ƙaninta biyu, waɗanda ba su san wata uwa ba sai ita. Likita ya mai da ta kan estirojin na shafawa, ya haɗa mata da kalsiyam da bitamin D, ya kuma gaya mata cewa ƙashin da ya lotse ba zai miƙe ba, amma ana sa ran tsayar da ɓarnar, wataƙila ma a ɗan farfaɗo da wani abu. Ta koma rumfa, sai dai ta ɗauki yaro mai ɗaga mata kaya, kuɗin maganin kuma ta ware shi cikin zubin adashinta na mako. Ranar da muka rabu tana shirin tafiya ganin ɗiyar yayarta, 'yar shekara 16, wadda ita ma har yanzu shiru, kuma an fara maganar sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah.